Ramin 'Yan Aji Uku

Duk wanda ya yi karatun fiziks a hannun Malama Dibora Zira, abin da yake fara tunawa shi ne daro. Wani tsohon daron roba ne shuɗi, bakinsa ya tsage an ɗinke da waya. A ranar farko ta darasin dogon hutu takan ajiye shi a ƙofar aji, ta tsaya a kansa ta harɗe hannuwa. Mai kalkuleta ya jefa, mai waya ya jefa. Idan kowa ya wuce sai ta sa a kai daron ofis, sannan ta ɗauki alli.

"Fiziks ba ya cizo," haka take farawa kowace shekara. "Lissafin da kuka baro a baya ne yake cizo. Shi za mu koma mu nemo."

Dokarta ɗaya ce, kuma duk Mubi an san ta. Yaron da ya gama ƙaramar sakandare yana son shiga ajin kimiyya, sai ya zo bitar lissafi a watan Agusta. A ƙarshen hutu akwai jarrabawa. Wanda bai kai rabin maki ba, ba zai zauna a ajinta na fiziks ba, ko ɗan waye. Ta mayar da ɗan fasto, ta mayar da 'yar kansila. An taɓa kawo mata bunsuru har gida saboda wani yaro. Ta ba bunsurun ruwa ya sha, ta ce a gaishe da mai shi, a mayar masa da abinsa.

Ita 'yar dutse ce. An haife ta a wani ƙauye a kan tsaunukan Michika, inda gona ba ta samuwa sai an jera duwatsu an tare ƙasa. Babanta bai yi boko ba, amma da ya ga yarinyar tana ƙirga kunyoyin dawa tun ba ta iya ɗaura zane ba, sai ya ce wannan ba ta fartanya ba ce. Ta yi kwalejin horon malamai a Hong, aka turo ta Mubi, wata makarantar jeka-ka-dawo da ke hanyar Bahuli. A nan ta auri Zira, mai walda a Lokuwa, mutum mai dariya da ƙarfi. Shi ya ƙera mata ƙarafan da take rataya igiya da nauyi a kai idan za ta nuna wa ɗalibai gwaji, don makarantar ba ta da su. Sun daɗe babu haihuwa. Da 'yar ta zo, matan zumunta na coci ba su jira shawarar kowa ba, suka sa mata Miracle.

Miracle tana aji uku na firamare a shekarar da 'yan bindiga suka shiga Mubi. Mutanen garin ba sa kiran shekarar da lambarta. "Shekarar gudu" kawai suke cewa, su ɗan sauke murya. Da safe ne, Dibora tana aji, aka fara jin harbi. Zira ya kira ta a waya.

"Ki bi mutane, kar ki shigo gari. Ni zan ɗauko yarinya."

Ya hau kekensa ya nufi firamaren. Bai san malamar ajin, Habibat, ta riga ta tattara yaran da ke gabanta ta bi daji da su wajen Kwaja ba. Ba a sake ganinsa ba, ba shi ba keken. Dibora ta bi ayarin mutane har ta tsinci kanta a Yola, tana kwana a harabar wata coci, tana tare duk wanda ya iso daga Mubi da tambaya ɗaya. Sai bayan makonni Habibat ta bayyana a ƙofar harabar, ƙafafunta a kumbure, tana riƙe da hannun wata yarinya cikin hijabin da ke jan ƙasa.

"Maman Miracle," ta ce, "ga amanarki."

Da aka dawo gari aka buɗe makarantu, shekarar karatu ta kusa ƙarewa. Aka kira taron iyaye da malaman unguwa a ƙarƙashin bishiya, saboda azuzuwan babu ƙofofi babu benci. Wani malami mai suna Mansir ya miƙe ya ce yaran nan ba su karanta komai ba, gara kowa ya maimaita ajinsa. Bai gama zama ba Dibora ta tashi. Ba ta saba magana a taro ba.

"Sun ɗauke mini miji," ta ce. "Ba za su ƙara da shekarar 'yata ba."

Wata mata ta fashe da kuka, wasu suka hau tafi. A nan aka yanke: kowane yaro ya wuce aji na gaba. A ranar babu wanda ya ga laifin maganar, kuma har yau da wuya a sami mai ganin laifinta. Mutane ne da aka ƙwace wa gidaje da shanu da 'yan uwa, suka sami abu guda da za su iya hanawa, suka hana.

Ita ce kuma ta fara ganin ramin. 'Yan shekaru bayan haka ta lura cewa yaran da ke zuwa bitarta duk wuri ɗaya suke tuntuɓe, kamar an haɗa baki. Na wata shekara ba su san yadda ake yi da lambobin da ke ƙasa da sifiri ba. Na shekarar da ta biyo baya sun san wannan, amma kashi cikin ɗari ya gagare su. Sai ta gane. Kowane rukuni yana ɗauke da ramin ajin da yake ciki a shekarar gudu, an ɗora masa sauran karatu a kai kamar an shimfiɗa tabarma a bakin rijiya. Daga nan ta canza yadda take aiki. Ba ta ƙara tambayar yaro me ya gagare shi ba. Idan ya yi kuskure a allo sai ta matso kusa, ta tambaye shi a hankali yadda sauran ba za su ji ba: "Aji nawa kake a shekarar gudu?" Ya faɗa, ta koma da shi can ta fara.

Kowace shekara ramin yana sauka da aji ɗaya. 'Yan aji shida suka zo suka wuce, sai 'yan aji biyar, sai 'yan aji huɗu. Dibora tana kallonsa yana matsowa, kamar yadda mutum yake kallon hadari daga bakin gona. Takan gaya wa kanta cewa tata daban ce. Ai Miracle ba ta taɓa kawo sakamako mara kyau ba. A gida kuma Dibora ba ta koyar da ita, takan ce a makaranta ne take malama, a gida uwa ce. Har ta kai yadi wajen tela an ɗinka wa yarinyar siket da farar riga irin na 'yan babbar sakandare, aka rataye su cikin leda a bayan ƙofa, suna jiran Satumba.

Agustan 'yan aji uku ya zo da ruwa mai yawa. Ranar da abin ya faru, ruwan yana dukan kwanon aji har sai malama ta ɗaga murya. Ta rubuta a allo: ɗaya bisa biyu, a haɗa da ɗaya bisa uku.

"Wa zai zo?"

Rukayyat, ƙawar Miracle, doguwar yarinya mai tsokana, ta ɗaga hannu. "Madam, a ba ni izini in je in gaida daro. Minti ɗaya kawai, kalkuletana yana kewata."

Ajin ya kwashe da dariya. Dibora ma ta murmusa. Sai ta miƙa wa 'yarta allin, don a ga yadda ake yi.

Miracle ta fito ba tare da gardama ba. Ta dubi allon. Ta haɗa na sama da na sama, ta haɗa na ƙasa da na ƙasa, ta rubuta biyu bisa biyar da kyakkyawan rubutunta, ta ja layi biyu a ƙarƙashi yadda uwarta take yi. Kusan rabin ajin suka gyaɗa kai.

Dibora ta nuna amsar da yatsa.

"Rabi shi kaɗai," ta ce, "da biyu bisa biyar, wanne ya fi yawa?"

Ta ƙwanƙwasa allon.

"An ƙara wa rabi wani abu, sai ya koma bai kai rabi ba?"

Miracle ta tsaya da alli a hannu, idonta a kan siminti. Dibora ta matso kusa da ita kamar yadda ta saba yi wa kowane yaro, ta buɗe baki za ta yi tambayar. Sai ta rufe. Wannan ba ta buƙatar a gaya mata ko aji nawa take.

Da suka koma gida da la'asar, Dibora ta jingina ɗan allo a jikin randa ta zaunar da Miracle. Ba a yi nisa ba ta gane ramin ya wuce yadda ta zata. Ta yi bayani, ta sake, a karo na uku muryarta ta tashi har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Yarinyar ta sandare kamar an dasa ta.

"To ta yaya kika ci jarrabawa duk shekarun nan?"

"Ina danna shi a kalkuleta ya koma mai ɗigo. Idan an hana kalkuleta, ina haddace misalan littafi."

"Uwarki malamar fiziks, a ɗaki ɗaya muke kwana. Me ya hana ki faɗa mini?"

Miracle ta daɗe tana murza gefen zanenta. "Yaya zan ce miki sun ɗauki shekarata, Mama? Ke kika ce ba za su ɗauka ba. A gaban kowa kika faɗa."

Dibora ta ajiye allin. Ba ta san yarinyar tana wurin taron ba. Ashe tana can bayan bishiya tare da sauran yara, tana ji.

Washegari bayan bita ta nufi Kolere, gidan Malama Habibat. Habibat ta yi ritaya, ta yi ƙiba, tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, jikoki suna sace wadda ta ɓare.

Ta tarbe ta da gaisuwar Fulatanci. "Jam na, Maman Miracle? Wace iska ta kaɗo ki? Ko kin zo ki ƙwace mini waya ki jefa a daro?"

"Jam, Adda. Tambaya na kawo." Haka take kiran Habibat, Adda, wato yaya. Dibora ta zauna a gefen tabarmar. Shekara da shekaru suna gaisawa a kasuwa da wurin biki, ba su taɓa ɗaga maganar ranar ba. "Me kike koya musu da safen nan?"

Hannun Habibat ya tsaya a cikin gyaɗar. Ta kori jikokin waje.

"Rake na kawo," ta ce. "Guda biyu, tsawonsu ɗaya. Na sara na farko biyu, na ɗaga na ce wannan shi ne rabi. Na ɗora wuƙa a kan na biyun zan raba shi uku, sai muka ji abin."

"Raken fa?"

"Ban san lokacin da na cusa shi a jaka ba. A hanyar Kwaja muka shanye shi. Gaɓa-gaɓa na rarraba musu, babu wanda ya tambayi kashi nawa ne nasa." Ta share ido da gefen mayafi, ta yi 'yar dariya. "'Yarki ce ma ta ce nata ya fi na kowa tauri. Turo mini ita. Darasina ne, ban gama ba."

Haka aka yi. Da safe Miracle tana bitar uwarta, da yamma tana Kolere. Takan dawo da ɓawon rake a gashinta, tana ba da labarin yadda Adda take zaginta da Fulatanci idan ta yi sauri. Wata yamma ta shigo da gudu, ta zube gutsattsarin rake shida masu tsawo ɗaya a kan tabarma. Ta ware uku gefe.

"Rabi." Ta ware biyu. "Kashi ɗaya cikin uku." Ta haɗa su. "Biyar cikin shida. Mama, ashe sai an yanka su daidai kafin a haɗa! Shi ke nan fa abin?"

"Shi ke nan," in ji Dibora. Ta juya ta shiga kicin da sauri, ta tsaya gaban murhun da babu wuta.

Amma Dibora malama ce, ta san abin da ke sama da ramin. Duk abin da aka koya wa yarinyar tun daga aji huɗu, rabon kaso, juya fomula, aljebra mai layi a tsakiya, a kan hadda yake zaune. Yanzu da ƙasan ya samu, sai an sauke na saman an sake jerawa, kuma hutun ya kusa ƙarewa. Suka yi iya yinsu. Wani abin ya zauna, wani yana zama da yamma ya tashi da safe.

Aka yi jarrabawar a makon ƙarshe na hutu. Dibora ta yi makin takardun a ofishin malamai da ƙofa a buɗe, kamar kullum. Ta bar ta Miracle a ƙarshe. Sashen farko, na haɗa rabi da kwata da danginsu, babu kuskure ko ɗaya. Daga nan takardar ta fara zubewa. Da ta haɗa makin, bai kai rabi ba. Tazarar ba ta da yawa, irin wadda jan biro zai iya rufewa babu wanda ya sani. Ta koma farko tana neman inda ta tsallake wani mataki da ya cancanci maki. Ta sake komawa. Babu.

Malam Mansir, wanda yanzu shi ne shugaban makarantar, ya shigo ya same ta zaune da takardar a gabanta. Ya duba, ya ja kujera.

"Haba Madam. 'Yarki ce fa. Gida ɗaya kuke, za ki cike mata a hankali. Ki sa sunanta, ni zan sa hannu. Wa zai ce wani abu?"

"Ɗan fasto zai ce."

"Ɗan fasto yana Kano yana sayar da taya, ya fi ni da ke jin daɗi."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce a'a ba. Ta ninke takardar ta sa a jaka. A hanya tana ta lissafin abin da ke jiran yarinyar idan an shigar da ita: zangon farko lissafin gudu da tazara, fomula a kan fomula, babu mai tsayawa jiran wani. Ta ga yaran da aka tura haka a wasu makarantu, yadda suke komawa bencin baya su yi shiru har su gama. Amma kuma ga siket a bayan ƙofa.

Ta tarar da Miracle tana wanki a tsakar gida. Ta miƙa mata takardar. Yarinyar ta goge hannu a zane, ta karanta tun daga sama har ƙasa, ta daɗe a kan sashen farko.

"Hanya biyu ce," in ji Dibora. "Ki shiga ajin adabi da ƙawayenki, babu abin kunya a ciki. Ko kuma..." Ta kawar da ido daga kan yarinyar. "Shugaba ya ce zai sa hannu ki shiga ajina."

"Ke me kika ce?"

"Ban ce komai ba."

Miracle ta dube ta da mamaki, don ba ta taɓa jin uwarta ta rasa abin cewa a kan dokar nan ba. Ta ninke takardar a hankali.

"Ba na so a sake ɗaga ni, Mama. An ɗaga ni sau ɗaya." Ta miƙa wa uwarta takardar. "Fiziks nake so, kuma a ajinki. Ki ba ni shekarar nan in maimaita."

Dibora ta zauna a kan turmi. Abin da ta tsaya gaban jama'a ta hana, shi 'yarta take roƙo a hannunta.

"Za a yi miki dariya. Rukayyat za ta sa siket, ke kina cikin finafon ƙaramar sakandare da ƙananan yara."

"Rukayyat ƙafafunta kamar raken Adda, siket ba zai taimake ta ba."

Dariya ta kuɓuce wa Dibora, daga dariyar kuma sai kuka, irin wanda ba ta yi ba tun Yola. Miracle ta durƙusa ta riƙe mata gwiwa da hannuwanta masu kumfa. Sun daɗe a haka. A ranar ce karo na farko da suka yi maganar Zira da sunansa, da kekensa mai ƙararrawar da ba ta aiki, wadda yake bugawa da baki.

Da safe Dibora ta shiga ofishin Malam Mansir ta tsaya, ba ta zauna ba.

"Ranka ya daɗe, alfarma na zo nema, amma ba wadda ka yi mini tayi ba. A bar Miracle ta maimaita aji ukun ƙaramar sakandare."

Ya cire tabarau ya dube ta. Shi ne mutumin da ya kawo shawarar maimaitawa a ƙarƙashin bishiya, ita ce ta kayar da shawarar. Bai tuna mata ba.

"Allah ya yi wa yarinyar albarka," ya ce. "Ki zauna mana, Madam, ki sha ruwa."

Ranar da aka koma makaranta, Miracle ta sa tsohon finafonta da ya ɗage mata har gwiwa, ta shiga layin ƙananan ɗalibai, ta fi kowa tsawo a ciki. Wasu suka yi ƙus-ƙus. Rukayyat ta baro layin manya da sabon siket ɗinta, ta zo ta tsaya kusa da ita har aka gama taron safe, babu malamin da ya kore ta. Dibora ta hango su daga baranda, sannan ta shiga ajinta na fiziks ta ɗauki alli.

Har yanzu tana nan a makarantar hanyar Bahuli, daron ma yana nan, an ƙara masa ɗinki. A yammacin ranar da aka koma makarantar, ta sauke ledar daga bayan ƙofa, ta zauna a bakin ɗaki da reza, ta warware kalmasar siket ɗin. Telan ya bar yadi da yawa a ciki. Ta auna da tafin hannunta yadda yarinya za ta iya ƙaruwa a shekara, ta ƙara kaɗan a kai, ta zura zare a allura.